Darasi na 9: Idan Kwamfutocin Gida Suka Daina Ganin Juna Bayan An Sabunta Windows

A darasin da ya gabata mun haɗa kwamfuta biyu da firinta ɗaya a kan rauta, har kowace kwamfuta ta iya buɗe foldar 'yar'uwarta. Yau za mu duba ranar da wannan haɗin ya ƙi aiki, musamman irin ƙin da ke biyo bayan sabunta babbar manhajar kwamfuta.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, shekara goma bayan fitowarta a 2015, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Haka aka yi wa Windows 7 a watan Janairun 2020. Shi ya sa kwamfutoci da yawa a Gamawa da Udubo da Azare suka koma Windows 11, wasu da sanin masu su, wasu kuwa an wayi gari ne kawai an ga fuskar allo ta canza. Kuka ɗaya ake ji daga baya: "Tun da ta yi afdet ɗin nan, netwok ya daina yi."

Haɗin da ake da shi a nan ba mai girma ba ne. Galibi 'yar ƙaramar rauta ce mai layin MTN ko Airtel, da laftof ɗaya ko biyu na hannu, da tsohuwar kwamfutar tebur wadda aka jona wa firinta. A gida, yara na karatu da su. A shagon buga takardu kuwa da su ake cin abinci, domin nan ake fitar da silif ɗin JAMB da na NIN, da takardun rajistar ɗaliban Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare. Idan firinta ta tsaya a makon rajista, mai shago ba ya da haƙurin bincike. Sai ya ɗauki kwamfuta ya shiga motar Azare, mai gyara kuma ya ce da shi, "Alhaji, sai dai a yi mata fomatin." A goge komai, a biya kuɗi, a dawo gida, a tarar matsalar tana nan inda aka bar ta, ga kuma takardun mutane na shekaru sun tafi.

Da wuya sabuntawa ta lalata wani abu a jikin na'ura. Abin da ta fi yi shi ne ta manta da saitin da kuka yi, ko ta ajiye tsohuwar 'yar manhajar da ake kira direba ta ɗauko wata, ko ta rufe wata ƙofa da gangan saboda tsaro. Kamar an sauya mai gadi ne cikin dare: sabon bai san 'yan gida ba, an kuma ba shi umarnin garƙame ƙofar baya da tsohon ya saba bari a buɗe. Aikinku shi ne ku gane wanne ne ya faru, kafin ku taɓa komai.

Sunayen wuraren da za a latsa mun rubuta su yadda suke bayyana a allo, saboda kusan duk kwamfutocin da ke hannunmu da Turanci suka zo.

Wane ne ya daina magana da wa?

"Netwok ba ya yi" magana ce mai faɗi. Wani yana nufin ba ya samun intanet. Wani yana da intanet lafiya lau, amma ba ya ganin ɗayar kwamfutar. Wani kuma firinta ce kawai ta yi shiru. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Gwajin farko ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Ku haɗa wayarku da Wi-Fi ɗin gidan, ku kashe datar layin wayar, ku buɗe wani shafi. Idan ya ƙi buɗewa a wayar ma, to ku wanke Windows daga zargi: ko data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko rauta ta yi zafi ta sume, abin da ba baƙo ba ne a watan Afrilu. Ƙarewar data ce ta fi yawa, kuma sau da yawa sabuntawar ce ta shanye ta, domin cikakken fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5. Ku duba kwanan wata da agogon kwamfutar ma. Tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan batir mai kama da kwabo a ciki, wanda idan ya mutu agogo ke komawa baya, kuma shafuka masu tsaro ba sa buɗewa ga kwamfutar da ba ta san shekarar da ake ciki ba.

Idan waya ta samu amma kwamfuta ta ƙi, ku latsa Start, ku rubuta cmd, ku buɗe baƙin allon da zai fito, ku rubuta ipconfig. Ku nemi layin IPv4 Address. Wannan lambar ita ce adireshin da rauta ta bai wa kwamfutar. Idan ta fara da 192.168, sun gaisa da rauta. Idan ta fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi ba ta samu ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta wanda ba zai kai ta ko'ina ba. A ƙasa akwai Default Gateway, adireshin rautar kanta, misali 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ku rubuta ping, ku bar tazara, ku rubuta wannan lambar. Idan amsa ta dawo, hanya tsakanin kwamfuta da rauta a buɗe take.

Wani lokaci alamar Wi-Fi ce ke ɓacewa ɗungurungum. Wannan aikin direba ne, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da wani sashe na jikin na'ura. Ku latsa Start da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Device Manager, ku buɗe Network adapters. Alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a gefen suna tana nufin direban bai zauna ba. Idan a cikin Properties, ƙarƙashin Driver, maɓallin Roll Back Driver yana latsuwa, ku latsa shi a dawo da tsohon. In ba ya latsuwa, sai an sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da ainihin lambar samfurinta da ke rubuce a ƙarƙashinta. Za ku ce yaya za a sauko da shi alhali babu intanet? Ku jona wayar Android da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, ku kunna USB tethering a saitin wayar. Kwamfutar za ta sha intanet ta wayar ba tare da Wi-Fi ba. Manhajojin nan da ke alƙawarin nemo muku duk direbobi da latsawa ɗaya, ku bar su inda kuka gan su. Da yawansu talla suke cika kwamfuta da ita, wasu ma fiye da talla.

Akwai Network reset a cikin Advanced network settings. Yana aiki, amma yana goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi da duk saitin haɗin da aka taɓa yi. Kada ku latsa shi sai kun rubuta kalmar sirrin rautar a takarda, kuma kada ya zama matakin farko.

Intanet na yi, amma kwamfutocin ba sa ganin juna

Nan ne mafi yawan matsalolin suke, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi.

Windows tana kallon kowane haɗi ta fuska biyu. Ko dai Public, wato na waje, irin na otal ko filin jirgi inda ba ka san wanda ke gefenka ba, ko Private, na gida. A haɗin waje kwamfuta na ɓoye kanta, ba ta nuna folda, ba ta ba da firinta. Windows 11 takan ɗauki duk sabon haɗi a matsayin na waje, kuma bayan sabuntawa ko sauya direba tana iya ɗaukar tsohuwar rautarku a matsayin baƙuwa. Ku shiga Settings, sai Network & internet, sai Properties na haɗin da kuke kai, ku mayar da shi Private network. A yi wa kowace kwamfuta, ba guda ɗaya ba. Daga nan a shiga Advanced sharing settings a kunna Network discovery da File and printer sharing a ɓangaren haɗin gida kaɗai. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa, kafin shayi ya huce.

Idan har yanzu sunan ɗayar kwamfutar bai fito ba, kada ku yanke hukuncin cewa ba a iya isa gare ta. Jerin sunayen da ke ƙarƙashin Network ba abin dogaro ba ne. Ku je ɗayar kwamfutar ku karanto adireshinta da ipconfig. Ku dawo, ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta karkatattun sanduna biyu da adireshin, kamar haka: \\192.168.8.101. Idan foldoji suka bayyana, haɗin lafiyarsa ƙalau, shela ce kawai ba a yi ba. Mai yin shelar wani aiki ne da ke gudana a ɓoye mai suna Function Discovery Resource Publication. A rubuta services a Start, a nemo shi, a sa shi ya riƙa tashi da kansa.

Sai batun kalmar sirri, wanda ke sa mutane gumi a banza. Kwamfutar da kuke son shiga tana neman suna da kalmar sirrin wani asusu da ke cikinta ita kanta, ba na wadda kuke zaune a gabanta ba. Lambobin PIN da ake buɗe allo da su ba sa aiki a nan. Asusun da ba shi da kalmar sirri ko kaɗan, shi ma Windows ba ta yarda a shigo da shi daga nesa. Abin da ya fi tsafta shi ne a buɗe ƙaramin asusu na musamman a kwamfutar da ke riƙe da foldar, ta Accounts da Other users, a zaɓi wanda ba ya buƙatar asusun Microsoft, a ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, a ba shi izinin wannan foldar kaɗai. A shago wannan yana da wani amfanin: ranar da yaron shago ya kammala koyon aiki ya buɗe nasa, kalma ɗaya za a canza. Idan kwamfuta ta nace da tsohuwar kalmar da ta haddace, a buɗe Credential Manager a goge abin da ta ajiye game da waccan kwamfutar.

Riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta na wasu kamfanoni yakan zo da nasa shingen tsaro, kuma tsohon samfurinsa na iya toshe komai bayan sabuntawa. A sabunta shi, ko a cire shi a bar wanda Windows ta zo da shi. Kashe shingen Windows gaba ɗaya domin folda ta buɗe ba gyara ba ne. Ana iya kashe shi na minti ɗaya don gwaji, a mayar nan take.

Ƙofofin da aka rufe da gangan

Wasu abubuwan ba za su dawo da kansu ba, domin cire su ko kashe su aka yi da gangan. Waɗanda suka saba da Windows 7 za su tuna HomeGroup, inda ake haɗa kwamfutocin gida da kalmar sirri guda. An cire shi daga Windows 10 a 2018. Duk bayanin da ya ce ku neme shi, tsohon bayani ne.

Na biyu ya fi muhimmanci. Yaren da kwamfutocin Windows ke musayar fayil da shi sunansa SMB. Tsohon samfurinsa, SMB1, tushensa tun shekarun 1980 ne, lokacin da ba a san irin ɓarayin intanet na yau ba. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikinsa ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin marasa lafiya. Abin lura shi ne, Microsoft ta riga ta fitar da gyaran wannan ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Ku riƙe wannan a rai duk lokacin da wani ya ba ku shawarar kashe sabuntawa har abada. Daga ƙarshen 2017 sababbin fitowar Windows 10 suka daina zuwa da SMB1 a kunne yadda aka saba.

Matsalar ita ce, kayanmu da yawa wannan tsohon yaren kaɗai suka iya: kwamfuta mai Windows XP da aka ajiye a lungu, tsohuwar rauta mai ramin filash, da manyan injinan fotokwafi na hannu da ake sayowa daga Kano, waɗanda ke iya ɗaukar hoton takarda su tura shi kai tsaye cikin folda. Bayan sabuntawa injin yana ɗaukar hoton, amma ba ya isa. Za ku ga bidiyoyi da yawa suna nuna yadda ake sake kunna SMB1 a cikin Windows Features, kuma gaskiya ne, yana aiki. Ra'ayin wannan littafin shi ne kada a yi haka a kwamfutar da ke riƙe da hotunan katin ɗan ƙasa da lambobin NIN da takardun makarantar mutanen gari. Amanarsu ce. A fara duba ko kamfanin injin ya fitar da sabuwar manhajar ciki da ta iya sabon yare. In babu, a riƙa ɗaukar hoton a filash ana kaiwa da hannu. Taku biyar ne daga injin zuwa tebur.

A watan Oktoban 2024 fitowar Windows 11 mai lamba 24H2 ta ƙara tsaurara wa. A samfurin Pro an hana shiga folda a matsayin baƙo marar suna da kalmar sirri, an kuma wajabta wa kowane saƙon musayar fayil ya zo da sa hannun da ke tabbatar da inda ya fito. Foldar da ta shekara tana buɗewa ba tambaya sai ta fara nuna lambar kuskure 0x80070035, wai ba a ga hanya ba. Hanyar tana nan. Maganin shi ne asusun nan mai suna da kalmar sirri da muka buɗe a sama.

Firinta

Windows 11 mai bit 64 ce kawai. Idan firintar na jone da tsohuwar kwamfuta mai bit 32, direban da ke can ba zai yi wa sabuwar aiki ba. A sauko da na bit 64 a sa wa sabuwar, sannan a cire firintar daga jerinta a sake ƙara ta. Idan lambar 0x0000011b ta fito, asalinta gyare-gyaren tsaro ne da aka yi wa sashen buga takardu a 2021, kuma ta fi bayyana idan kwamfuta ɗaya ta sabunta ɗayar an bar ta a baya. A kai su matsayi ɗaya tukuna, kafin a saurari masu cewa a shiga Registry a canza lamba.

Firinta mai Wi-Fi ko ramin kebul ɗin rauta tana da tata matsalar, wadda ake ɗora wa Windows alhali ba ruwanta. Rauta aro take ba da adireshi. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, ko batirin sola ya sauka, na'urorin na tashi ba bisa tsari ɗaya ba, sai firintar da ke 101 jiya ta koma 104 yau, kwamfuta kuwa tana ta aika aiki tsohon adireshi. Da yake sabuntawa ma tana sa a kashe a kunna, sai a ɗauka ita ce. A shiga shafin rautar ta hanyar rubuta adireshinta a burauza, a nemi wurin keɓe adireshi a ƙarƙashin DHCP, a ɗaure wa firintar lamba ɗaya. Haka ma kwamfutar da ke riƙe da foldoji. Wasu ƙananan rautocin aljihu ba su da wannan wurin. A nan sai a rubuta wa firintar adireshi na dindindin a saitinta.

Masu tsohon modem mai kama da filash, ko manhajar da ke mayar da laftof tashar Wi-Fi, ba sai sun wahala da tayar da su ba. Tun 2016 Windows ke zuwa da nata Mobile hotspot, mai ɗaukar na'ura har 8.

Komawa baya, da shirin gaba

Idan aiki ya tsaya cak kuma ga mutane a layi, akwai hanyar ja da baya. A Settings, System, Recovery, akwai Go back, wanda ke mayar da kwamfuta kan Windows ɗin da ta baro ba tare da goge takardu ba. Kwana 10 kawai yake yi, kuma ya dogara da wata folda mai suna Windows.old. Wanda ya goge ta don neman fili ya rufe wa kansa hanya. A yi shi da cikakken caji ko tsayayyiyar wuta, a kuma kwafe muhimman takardu a wani wuri tukuna. Jinkiri ne wannan, don a samu sararin nemo direba ko sauya na'ura.

A saitin Wi-Fi ku kunna Metered connection, domin Windows ta san data sayenta ake yi, ta rage manyan saukarwa ba da izini ba. Idan makon rajista ya gabato, Pause updates na ba da damar ɗage sabuntawa har mako biyar. In lokacin ya yi, a fara da kwamfuta ɗaya, a gwada folda da firinta, sannan a bi sauran. Duk gyaran da za ku yi, ku canza abu ɗaya, ku gwada, ku rubuta a littafi. Wanda ya canza abu shida a lokaci guda, ko da ta gyaru, bai san abin da ya gyara ta ba, kuma ya bar biyar a buɗe.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu, kowane rukuni da kwamfuta biyu a kan rauta ɗaya. Kowa ya rubuta adireshin kwamfutarsa da na rauta a littafinsa. Mutum ɗaya ya fita waje, ɗayan ya ɓata abu guda: ko ya mayar da haɗin Public, ko ya kashe File and printer sharing, ko ya canza kalmar sirrin asusun foldar. Wanda ya fita ya dawo ya gano abin da aka taɓa, yana faɗa da baki dalilin kowane mataki kafin ya latsa. Sai a yi musanya.

A gida, ku amsa wannan a rubuce. Wata malamar makaranta a Gololo ta ce laftof ɗinta na buɗe shafukan intanet bayan sabuntawa, ipconfig ya nuna 192.168.0.105, firintar ofis mai Wi-Fi tana buga aiki daga wayarta amma ba ta bugawa daga laftof ɗin. Waɗanne abubuwa ne wannan bayanin ya riga ya wanke daga zargi, kuma me za ku fara dubawa?